Kati Biyar Cikin Hula

Tasi'u ɗan yayata ya zo hutu daga Dutse,
takalmi na ƙyalli, ƙamshin banki a jikinsa.
Ya ce, "Kawu, kuɗin riɗinka barci suke a ƙasan katifa.
Ga kati. Duk abin da ka saya da shi, maki za a rubuta maka.
In makin ya taru, kujera ce a jirgin sama."

Ni kuwa jirgin nan na san shi.
Bayan la'asar yake ratsa kan gonata,
ya ja farin zare ya nufi Kano,
in bi shi da ido har hulata ta faɗi a kunya.
Ba Legas nake so ba, ba Abuja ba.
So nake in ga gonar nan daga sama sau ɗaya,
in ga ko iyakar da ta raba ni da Ɗan'azumi shekara tara
ta kai tsawon tsinken sakace.

Kati ɗaya ya haifi huɗu.
Kore na taki ne, ja na man babur,
shuɗi ya fi kyauta ranar kasuwar Gujungu,
mai ruwan gwal ba ya fitowa sai ciniki ya haura dubu hamsin.
Na biyar na manta aikinsa,
amma yana nan cikin naɗin hula da 'yan'uwansa,
suna ɗumama mini ƙeya.

Lambobin sirri na rubuta da gawayi a bayan rumbu.
Ruwan farko ya wanke uku.

Sai na zama mai saye.
Buhun gishiri, alhali na bara bai ƙare ba,
fitila mai caji har biyu,
takin Sale ma na biya masa, ya ce sai kaka.
Yaron mai na'urar cirar kuɗi yakan hango ni daga nesa:
"Baba, yau wanne za mu soka?"
Barira ta dubi gishiri, ta dube ni,
ta ce, "Malam, makin nan tuƙa shi ake, ko kaɗawa?"

Akwai kalmar da Tasi'u ya haɗiye ranar nan: ruwa.
Da dare ta tsiro, kamar wuta-wuta a gindin dawa.
Wata ya ƙare, ja ya buɗe baki.
Na ranto a kore na toshe shi,
na ranto a shuɗi na lallashi kore,
ina yankar gindin riga ina yi wa wuya maho.

Sabis ba ya sauka garinmu
sai a kan tankin ruwan firamare.
Na tattare riga na hau, gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure.
Waya ta ce: dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu.
Na kira shi. "Ina za su kai ni?"
Ya yi shiru har na ji kukan fankar ofishinsu.
"Kawu, kowane kati da rumbunsa, ba a gauraya su.
Na kore kuma sun mutu tun watan jiya."
"Maki ma mutuwa yake?"
"Yana mutuwa, Kawu."

Na sa wayar a aljihu, na dubi ƙasa don in nemi matakala.
Ga gari nan baje kamar shanya.
Ga Barira a tsakar gida, ba ta fi kaza ba.
Ga gonata, ga ta Ɗan'azumi,
kore ɗaya ne, na rasa inda tawa ta tsaya.
Akuyar wani tana cin wake, ban san ko nawa ba ne.

Jirgin ya zo a kan lokacinsa.
Ban ɗaga kai ba, hannu ɗaya na kan ƙarfe,
ɗaya na dafe da hula.

Buhu shida na riɗi suka rufe bakin ja da kore.
Shuɗi har yau yana aiko gaisuwa.
Da na biyar nake kankare laka a bakin garma,
mai ruwan gwal kuwa Barira ta karɓe,
ta ce ba ta taɓa samun abin cire ƙanzo kamarsa ba.